Kiɗan da samarin Sifaniya suka yi Franco yana kan gadon mutuwa

Yau za mu ɗan sauka daga layin da muka saba. Babu maganar kasafin kuɗi, babu maganar katin zaɓe. Kiɗa za mu taɓa, kiɗan wata ƙasa da yawancinmu ba mu san ta da komai ba sai ƙwallo, wato Sifaniya. Na san a cikin masu bin shafin nan akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam, kuma ina girmama hakan. Amma ku ɗan zauna, don rabin maganar tarihi ce: yadda wasu samari suka buɗe baki a ƙasar da aka shekara 36 ana toshe shi.

Sunan kiɗan furogiresif rok, masu shi suna yanke sunan su ce furog. A Ingila aka haife shi, ƙarshen shekarun 1960. In ana son a sa masa ranar suna, yawanci faifan King Crimson na 1969 ake nunawa, ga kuma su Yes, Genesis, Pink Floyd da Jethro Tull. Abin da ya raba shi da waƙar rediyo shi ne tsawo da yawan sauya hanya. Waƙar rediyo minti 3 ce: baiti, amshi, baiti, amshi, a tashi. Shi kuwa furog, waƙa ɗaya sai ta cinye gefe guda na faifan garmaho, minti 20 cur. Ta fara a hankali kamar mai sanɗa, ta zabura, ta tsaya cak, sarewa ta shigo, ganga ta sauya taku. Wanda ya taɓa zama ya ji Fela daga farko har ƙarshe, ko Bakandamiyar Shata, ya san daɗin waƙar da ba ta sauri. Bambancin dai shi ne, su waɗancan sukan riƙe kiɗa ɗaya su yi ta haƙarsa, furog kuwa ba ya zama wuri ɗaya.

Duk wanda ya shiga wannan harka, hanya ɗaya ake bi da shi. A fara da Ingila, a gangara Italiya wajen su PFM da Banco, a leƙa Jamus, shi ke nan a ce an gama. Ba a cika ambatar Sifaniya ba. Ni ma ba ta hanyar kiɗa na same ta ba. Karatu nake yi a kan yadda ƙasashe ke fita daga mulkin kama-karya, sai na ci karo da sunan wani faifai na 1977 a tsakiyar bayanin siyasa, na neme shi a YouTube, daga nan wani ya kai ni ga wani.

Abu na farko da za ku lura da shi shi ne lokaci. Mutanen Ingila sun yi tashensu a farkon shekarun 1970. Na Sifaniya kuwa sai da kasuwa ta fara watsewa suka iso, mafi kyawun faya-fayansu sun fito ne tsakanin 1975 da 1980. Ruwa ba ya tsami banza. Janar Francisco Franco ya ci yaƙin basasa a 1939, ya riƙe ƙasar har ya mutu ranar 20 ga Nuwamba 1975. Kar wani ya ce maku tsufa ya sa ya yi laushi. A watan Maris na 1974 an zartar wa wani matashi ɗan shekara 25, Salvador Puig Antich, hukuncin kisa da wani ƙarfe da ake ɗaura wa mutum a wuya a murɗa. Ranar 27 ga Satumba 1975, saura ƙasa da wata biyu tsohon ya mutu, an harbe mutum 5 bisa hukuncin kotun soja. Kowane faifai sai ya bi ta hannun masu tacewa, su duba baitoci, su duba hoton bango, su soke abin da suka ga dama. Harsunan Kataloniya, Bask da Galisiya an kore su daga aji da ofis. A 1968 mawaƙi Joan Manuel Serrat ya ce da harshen Kataloniya zai wakilci ƙasar a gasar waƙa ta Turai, sai aka cire shi aka tura wata a madadinsa.

Abin dariyar shi ne, Franco da hannunsa ya buɗe tagar da iskar ta shigo. A 1953 ya ƙulla yarjejeniya da Amurka ta kafa sansanonin soja a ƙasar, ciki har da na Morón kusa da Sevilla da na Rota kusa da Cádiz, dukkansu a kudu. Sojojin Amurka sun zo da faya-fayansu, faya-fayan suka tsallaka waya suka shiga gari. Shi ya sa yaran Sevilla suka ji su Jimi Hendrix da wuri.

Na farko-farkon da suka gwada, da Turanci suka yi. A Barcelona akwai Máquina! da faifansu Why? na 1970, wanda aka sa hoton burodi da agogo a cikinsa a bango. A Sevilla akwai Smash, su ma sun fitar da na farko a 1970. Suna da ƙarfi, suna da ƙarfin hali, ban raina su ba. Amma ni dai in na saurara, abin da nake ji shi ne yara masu hazaƙa sanye da rigar wani. Zanen aro ba ya rufe katara.

To me ya hana su ɗaukar na gida tun farko, alhali suna zaune a kan fulamenko? Nan ne labarin ya kama ni, kuma nan nake so mu ɗan daɗe.

Fulamenko kiɗan talakawan Andalus ne, musamman al'ummar Gitano, wato Romawa masu asali daga Indiya da aka daɗe ana tsangwama a Turai. Jita ce ta katako, da tafi, da dukan ƙasa da ƙafa, da murya mai kama da kuka. Sai gwamnatin Franco ta ga yana kawo kuɗi. A shekarun 1960, lokacin Manuel Fraga yana ministan yaɗa labarai da yawon buɗe ido, aka mayar da 'yar rawa mai jar riga da mai wasa da bijimi tambarin ƙasa, ana tallata su ga Turawan arewa masu zuwa shan rana. Ku riƙe sunan Fraga, zai dawo. A daidai zamanin da ake sayar da kiɗan nasu, su masu kiɗan, Gitanon unguwar Triana ta Sevilla, an tashe su daga gidajensu a ƙarshen shekarun 1950 an watsa su bayan gari. An ɗauki kiɗan, an kori makaɗan. Saboda haka saurayi mai dogon gashi a 1970, in ya ji fulamenko, abin da yake ji shi ne talabijin ɗin gwamnati. Kun san dai yadda abin yake in hukuma ta rungumi kiɗan gargajiya ta mayar da shi na tarbar baƙi a filin jirgi. Yaro mai jini a jika kunyarsa yake ji.

Smash ne suka fara karya wannan kunyar. A 1971 suka jawo wani Gitano mai jita, Manuel Molina, suka yi El garrotín, rok da fulamenko a tukunya ɗaya. Ba su daɗe ba suka watse. Waɗanda suka dafa abin har ya nuna su ne mutum uku da suka haɗu a 1974 suka ɗauki sunan waccan unguwar da aka kori mutanenta: Triana.

Jesús de la Rosa shi ne mai murya da kibod, kuma shi ke rubuta yawancin waƙoƙin. Eduardo Rodríguez Rodway yana kan jitar fulamenko. Juan José Palacios, da ake kira Tele, yana kan ganguna. Ku lura da wani abu: ƙungiyar rok ce amma babu mai jitar lantarki a cikinta na dindindin, gayyato shi ake yi in an shiga ɗaukar sauti. Wato jitar katako ba ado ba ce da aka yafa a sama, ita ce ginshiƙin ɗakin. Ana ba da labarin cewa Jesús ya taɓa neman shiga Los Bravos, ƙungiyar da ta yi suna a Turai a shekarun 1960, aka ƙi shi saboda karin harshensa na kudu. A Sifaniya ta lokacin, karin Andalus shi ne na 'yar aiki da ɗan barkwanci a fim. Yankin talaka ne, gonaki suna hannun tsirarun masu ƙasa, ɗaruruwan dubban mutanensa sun tafi ci-rani Barcelona da Jamus. Wanda aka taɓa kwaikwayon maganarsa don a yi dariya ya san abin da nake nufi. To da wannan karin da aka raina Jesús ya yi waƙa, bai gyara ko harafi ɗaya ba.

Faifansu na farko ya fito a watan Afrilu 1975, wata 7 kafin Franco ya mutu. Asali ba shi da wani suna sai na ƙungiyar, jama'a ne suka raɗa masa El Patio, wato tsakar gida, saboda zanen da Máximo Moreno ya yi a bango. In faifai ɗaya za ku ji a duk abin da zan faɗa yau, wannan ne. Waƙar farko, Abre la puerta, ma'anarta buɗe ƙofa, ta kusa minti 10. Jitar katako da fiyano ne ke share fage, sautin lantarki yana tasowa a bayansu kamar hadari, sannan muryar ta shigo. Yana jan wasali yana lanƙwasa shi, irin jan da kunnen da ya saba da Ummu Kulsum ba zai ji shi baƙo ba. A takarda waƙar soyayya ce, mai tacewa bai da abin sokewa. Amma ku tuna watan da ta fito, ku tuna wa ke kwance a fada. Ba sai an yi wa matashin 1975 fassarar wace ƙofa ake so a buɗe ba.

Bari in ba ku ɗan aikin gida, don nan daɗin yake. Rok na yau da kullum a kan bugu 4 yake tafiya. Buleriya, ɗaya daga cikin salon fulamenko, a kan 12 take, kuma ana danna na 3, na 6, na 8, na 10 da na 12. Ku gwada tafa shi yanzu, ku ƙirga ɗaya zuwa sha biyu kuna ƙarfafa waɗannan. Za ku ji kamar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma tafiyar ba ta faɗuwa. Su Turawan Ingila sai da suka zauna da lissafi kafin su fita daga bugu 4. Su Triana a tsakar gida suka taso suka tarar da shi. Har ma suka yi wasa da abin, a waƙar Recuerdos de una noche suka matse buleriya ta koma bugu 5. Tele ke ɗauke da wannan kayan, kuma a ganina ba a yaba masa yadda ya kamata.

Faifan bai yi kasuwa da farko ba. Kamfani bai tallata shi ba, daga baki zuwa baki ya yaɗu, daga ɗakin ɗalibi zuwa ɗakin ɗalibi. A watan Yulin wannan shekara aka yi wani taron kiɗa na awa 15 a filin wasan bijimi na garin Burgos, Triana na cikin waɗanda suka hau dandamali. Wata jaridar garin ta kira taron mamayar ƙazanta. Haka manya ke kallon yaran.

Na biyu, Hijos del agobio, shi ne wanda ya jawo ni tun farko. Ma'anar sunan 'ya'yan ƙunci, wato tsarar da aka haifa ta girma a ƙarƙashin mutum ɗaya. Ya fito a 1977, shekarar da 'yan bindiga masu ra'ayin tsohuwar gwamnati suka kashe mutum 5 a ofishin lauyoyin ƙwadago a titin Atocha na Madrid, kuma shekarar da aka yi zaɓen farko tun 1936. Tsoro da fata a kwano ɗaya, kuma haka faifan yake. Ya fi na farko duhu, ya fi shi fushi, an daina kewaye-kewaye. Akwai waƙa a ciki mai suna ¡Ya está bien!, wato ya isa haka. Amma wadda ta fi zama mini ita ce Sr. Troncoso, a kan wani bawan Allah mai nuna wa motoci wurin tsayawa a Sevilla, wanda giya ta gama da shi. A shekarar da kowa ke maganar jam'iyyu da tsarin mulki, su sun tsaya sun kalli mutumin da ake miƙa wa canji ba a duba fuskarsa, har suka kira shi da lakabin girmamawa. Mu masu harkar gwagwarmaya mun iya maganar talaka a jimla. Talaka ɗaya mai suna, shi ne ke ba mu wuya.

Bayan Triana sai ƙofa ta ɓalle, aka samu abin da ake kira rok andalus. Ku ji sunaye: Mezquita, wato masallaci. Medina Azahara, wato Madinatuz Zahra, birnin da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina kusa da Kurɗuba a ƙarni na 10. Imán, Califato Independiente, wato halifanci mai cin gashin kansa. Guadalquivir, kogin da ya ratsa Sevilla, sunan da asalinsa Wadil Kabir ne. Mu ai Andalus ba baƙuwarmu ba ce. Tafsirin Ƙurɗubi yana zaurukanmu, Alfiyar Ibn Malik da ake haddacewa mai ita haifaffen Jaén ne, Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi ta Alfazazi ce, mutumin Kurɗuba. To amma kar zumuɗi ya ɗebe mu. Waɗannan samari ba Musulmi ba ne, ba kuma halifanci suke kira a dawo da shi ba. Makaranta ta koya masu cewa tarihin ƙasarsu na gaskiya shi ne korar Musulmi, wadda ta ƙare da faɗuwar Garnaɗa a 1492, kuma cewa su 'yan kudu cibaya ne. Sai suka waiwaya suka ga lokacin da garuruwansu ke koyar da Turai shi ne lokacin da aka ce su manta. Suka ɗauko shi don su ɗaga kai. Akwai ƙawa da mafarki a ciki, wani lokacin har ya yi yawa, amma dalilin a fili yake.

Kuma ba a faifai kawai abin ya tsaya ba. Ranar 4 ga Disamba 1977 jama'ar Andalus suka cika tituna suna neman 'yancin gudanar da yankinsu. A Málaga harsashi ya kashe wani ma'aikaci ɗan shekara 18, Manuel José García Caparrós, lokacin da 'yan sanda ke tarwatsa taron. Tutar da suka fito da ita kore, fari, kore ce, irin tamu sak, sai dai tasu a kwance take. An yi ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Fabrairu 1980, kuma ita ce ranar Andalus har yau.

A cikin wannan zubin, wanda nake sa wa hannu bayan Triana shi ne Recuerdos de mi tierra na Mezquita, 1979. Yaran Kurɗuba ne su huɗu. In Triana tafiyar dare ce, Mezquita gudun doki ne: kiɗa yana sauya alƙibla kafin ka gama gane ta farko, jitar lantarki da kibod suna bin juna a guje da karin Larabawa, ba wurin hutawa. Na Imán na 1978 kishiyarsa ne, gefe guda waƙa ɗaya ce ta kusan minti 20, ta kwanciya a rufe ido. Cai na garin Cádiz su ma ku neme su, Noche abierta na 1980, a nan Chano Domínguez ya taso kafin ya zama babban mai fiyanon jaz. Medina Azahara kuwa na farkonsu kaɗai nake ba da shawara ga mai neman furog, daga baya sun koma rok mai nauyi. Har shi kansa fulamenkon na asali sai da guguwar ta taɓa shi. A 1979 Camarón de la Isla, babban mawaƙin Gitano, ya yi La leyenda del tiempo da ganguna da kayan lantarki, da baitocin Federico García Lorca, mawaƙin da mutanen Franco suka kashe a 1936. Ana cewa dattawa sun riƙa mayar da faifan kanti wai wannan ba Camarón ba ne. Yau shi ake ɗauka a matsayin faifan da ya raba tarihin fulamenko biyu.

Mu bar kudu mu hau arewa maso gabas, Kataloniya. Nan launin daban ne. A Barcelona an buɗe wani ɗakin kiɗa mai suna Zeleste a 1973, makaɗa suka taru a kewayensa, suka fi karkata ga jaz, kuma da yawansu ba sa waƙa da baki sam. Iceberg sun fara da mawaƙi a 1975, suka ajiye shi, suka yi Coses nostres a 1976, inda Max Sunyer mai jita da Kitflus mai kibod ke tsere kamar an biyo su. Gwanaye ne, ba musu, sai dai wani lokacin gwanintar tana fin abin da ake son faɗa. Na fi son Escenes na Gòtic, 1978, sarewa da fiyano, mai sanyi kamar safiyar hunturu, ya dace da mai karatun jarabawa. Companyia Elèctrica Dharma kuma sun ɗauki karin algaitar gargajiyar yankinsu suka ɗora a kan rok, irin abin da Triana suka yi da fulamenko. A taron Canet Rock na Yulin 1975 hukuma ta hana mawaƙi Jaume Sisa hawa dandamali, sai aka sa faifansa aka haska makirufo babu kowa a gabansa.

Akwai faifai ɗaya na Kataloniya da masu tsaurin ra'ayi za su ce ba furog ba ne, ni kuma ba zan tsallake shi ba. Ranar 3 ga Maris 1976, wata uku da 'yan kwanaki bayan mutuwar Franco, ma'aikata masu yajin aiki sun taru a wata coci a garin Vitoria. 'Yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye a ciki, mutane suka fito a guje, aka buɗe masu wuta. Mutum 5 suka mutu. Ministan cikin gida a lokacin shi ne Manuel Fraga, wancan mai tallar 'yar rawa. Lluís Llach ya rubuta Campanades a morts, ƙararrawar mamata, ya fito a 1977, waƙa ɗaya ta kusan minti 17 da cikakkiyar tawagar makaɗa da 'yan amshi. Ba ta jin daɗi ba ce. Makoki ne da tsinuwa, kuma ba sai kun ji yaren ba za ku gane inda makokin ya ƙare tsinuwar ta fara.

Vitoria a ƙasar Bask take, masu kallon ƙwallo sun san yankin: Athletic Bilbao da ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ɗan gida, da Real Sociedad inda Umar Sadiq ya koma daga Almería a 2022. Harshensu, Euskera, ba shi da dangi a cikin harsunan duniya da ake magana da su yau. A ƙarshen shekarun 1970 nan ne wuri mafi zafi a ƙasar, ƙungiyar ETA tana kashe mutane, jami'an tsaro suna azabtar da waɗanda suka kama. Kuma daga nan ne faifai mafi taushi a duk jerin nan ya fito. Itoiz yaran garuruwan masunta ne na bakin teku, da farko makaɗan rawar bukukuwa ne. Faifansu na 1978 duk da Euskera yake, sarewa, ogan, da muryar Juan Carlos Pérez da ba ta ɗagawa. Waƙar Lau teilatu, rufin ɗaki huɗu, har yau Baskawa suna rera ta tare in an taru. Ba taken siyasa ba ce ko kaɗan. Amma harshen da aka hana yaro a aji, ranar da ya yi waƙar soyayya da shi aka buga a faifai aka sayar a kanti, ni ban ga siyasar da ta fi wannan ba. Ezekiel na 1980 ya fi shi zurfi, labari ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, amma ku fara da na farkon.

Sauran zan bi su da sauri. Crack na garin Gijón faifai ɗaya tak suka yi, Si todo hiciera crack, 1979, kuma shi ne ya fi kusa da salon Genesis, wanda ya fito daga wajen Turawan Ingila nan zai fi saurin sabawa. Bloque na Kantabiriya, ku nemi Hombre, tierra y alma. Asfalto na Madrid suna da Días de escuela a faifansu na 1978, a kan makarantar zamanin Franco, aji mai sanyi da madarar gari ta tallafin Amurka. Sai Ciclos na Canarios, 1974, faifai biyu, inda Teddy Bautista ya ɗauki kiɗan yanayi huɗu na Vivaldi ya mayar da shi matakan rayuwar ɗan Adam daga haihuwa zuwa tsufa. Masana suna yabonsa ƙwarai. Ni kam na ga an cika wa miyar kayan ƙamshi, ku ji ku yanke naku hukuncin.

Abin bai daɗe ba. Wajen 1980 iska ta juya, kamfanoni suka koma kan sabon yayin Madrid da ake kira Movida: waƙa gajera, gashi mai launi, rawa har asuba. Ban ga laifin yaran ba, wanda aka tsare shekara da shekaru in ya fito rawa yake so ba makoki ba. Sai dai yayin ya zo daidai da abin da 'yan siyasa ke so. Dokar afuwa ta Oktoba 1977 ta saki fursunonin siyasa, amma ta kuma rufe laifukan jami'an gwamnatin da ta shuɗe. Babu wanda kotun Sifaniya ta hukunta kan kisan Vitoria, babu wanda aka hukunta kan García Caparrós. Gawar Franco ma sai a 2019 aka tono ta daga katafaren kabarin da aka binne shi don girmamawa. Ƙungiyoyin suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu suka gajarta waƙoƙinsu don su ci abinci. Triana sun yi kasuwa sosai da Sombra y luz a 1979, daga nan su ma suka sassauta. A watan Oktoba 1983 Jesús de la Rosa yana dawowa daga San Sebastián, inda aka yi wasan tara kuɗi don waɗanda ambaliya ta shafa a ƙasar Bask, motarsa ta yi karo kusa da Burgos, garin da aka taɓa kiransu ƙazanta. Ya rasu ranar 14 ga wata yana da shekara 35.

Ga mai son nema, ku kula da abu biyu. Sunayen nan suna ɓatar da mutum: in kun rubuta Mezquita kawai, bidiyon masallacin Kurɗuba za a jero maku, in kun rubuta Crack kuwa Allah kaɗai ya san inda za ku faɗa. Ku haɗa sunan ƙungiya da na faifai da shekara. Triana ma akwai wata da ta ci gaba da amfani da sunan bayan rasuwar Jesús, ba ita nake nufi ba, ku tsaya tsakanin 1975 da 1983. Sannan don Allah kar ku ji El Patio ta lasifikar waya, jitar Eduardo ɓacewa take yi. Ku sa abin kunne, ku bar shi ya tafi daga waƙar farko har ta bakwai ba tsallake, duka bai wuce minti 40 da ɗan wani abu ba.

Mako mai zuwa za mu koma kan maganar da muka bari. Sai mun haɗu in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.